Jakar da Ba a Sauko da Ita Ba: Nazarin Abin da Ya Faru a Wani Kanti a Zurik

A watan Yulin 2013 Oprah Winfrey, fitacciyar mai gabatar da shirin talabijin, baƙar fata 'yar Amurka, ta je birnin Zurik na ƙasar Suwizalan don bikin auren ƙawarta, mawaƙiya Tina Turner. Ana cikin hidimar biki ta fita, ta shiga wani kantin kayan ƙawa mai suna Trois Pommes, ta hango wata jaka a can saman kanta. Jakar ta kamfanin Tom Ford ce, ta fatar kada, kuɗinta faran 35,000 na Suwizalan, wajen dala 38,000 a canjin wancan lokacin. Ba ta saya ba. Ta fita salin alin, ba hayaniya, ba kiran manaja. Sai a watan Agusta ta ba da labarin a wata hira da aka yi da ita a talabijin a Amurka. Ba ta ambaci sunan kantin ba, 'yan jarida ne suka tono shi. Kafin a ce kwabo hukumar yawon buɗe ido ta Suwizalan ta fito ta ba ta haƙuri a bainar jama'a.

Lamarin ya cancanci nazari saboda an samu abin da ba kasafai ake samu ba: kowane ɓangare ya faɗi nasa. Yawancin wanda aka yi wa kallon banza a kanti ficewa yake yi, ya haɗiye, ba ya komawa, mai kanti kuma ba ya taɓa sanin dalili.

Bakin mai saye da bakin mai sayarwa

A faɗar Oprah, ta ce a nuna mata jakar, ma'aikaciyar ta ce a'a, ta yi tsada. Ta sake tambaya, aka turo mata wasu masu rahusa, aka ce waccan ta fi ƙarfinta. Da ta nace, ma'aikaciyar ta ce ba ta son ta ɓata mata rai. Sai ta yi godiya ta tafi. Ta ce ranar ba ta yi kwalliyar shiga talabijin ba, amma siket ɗin da ke jikinta na babban kamfani ne, ba shigar da za a raina ba ce. Shirinta kuwa, wanda ya shekara 25 ana nunawa daga 1986 zuwa 2011, ba a kallonsa a Suwizalan, don haka ba a gane ta ba. A shekarar da abin ya faru mujallar Forbes ta ƙiyasta cewa ta samu dala miliyan 77.

Ma'aikaciyar, 'yar asalin Italiya, ta yi magana da wata jaridar Suwizalan ba tare da an bayyana sunanta ba, ta musanta. Ta ce tana riƙe da wata jaka mai irin wannan ƙirar tana bayani, sai baƙuwar ta ɗaga kai ta dubi ta fatar kadar. Ita kuma ta ce mata ai ɗaya suke da wadda ke hannunta, sai dai waccan ta fi tsada nesa ba kusa ba, kuma akwai makamantanta da za ta iya nuna mata. Ta ce har ta tambaye ta ko tana son ganin jakar. Mai kantin ta tsaya wa ma'aikaciyarta, ta ce rashin fahimta ne, Turanci ba harshen yarinyar ba ne.

A ajiye batun wa ya faɗi gaskiya. A ɗauki maganar ma'aikaciyar yadda ta faɗe ta, a yarda ba ta da mugun nufi ko ƙanƙani. Duk da haka cinikin ya mutu a hannunta, kuma ana iya nuna inda ya mutu. A duka ruwayoyin biyu jakar tana can sama har baƙuwar ta fita, kuma a duka biyun an ambaci tsada an kawo masu rahusa tun ba a nema ba.

Inda aka kuskure

Kuskuren farko na tsarin magana ne: abin da ya kamata ya zo a ƙarshe shi aka fara da shi. Mai saye ya nuna kaya da ido ko da yatsa, abin da ke gaban ma'aikaci shi ne ya kawo kayan. Farashi yana zuwa idan an tambaya, ko bayan kayan ya iso gaban mai saye. Madadi mai sauƙin kuɗi shi ne na ƙarshe, kuma ba ya fitowa sai mai saye ya buɗe masa ƙofa da kansa: ya ce kuɗin ya yi yawa, ya tambayi ko akwai wani, ko ya ajiye kayan ya ci gaba da waige-waige. Idan aka juya wannan jerin, kowace kalma ma'anarta ta canza. "Akwai mai sauƙi" bayan mutum ya koka da tsada taimako ne. Kafin ya koka, hukunci ne aka yanke wa aljihunsa, kuma ya ji hukuncin ko da an faɗa da murmushi.

Sai kalmar "tsada" ita kanta. Faran 35,000 lissafi ne, ba ya zagin kowa. "Tana da tsada sosai" ra'ayi ne, kuma ba a kan jakar yake ba, a kan wanda ke tsaye yake, domin tsada ga wani araha ce ga wani. Ma'aikacin da ya san aikinsa lamba yake faɗa, da muryar da zai faɗi launi ko girma, ya yi shiru. Shirun nan yana da wuya. Sabon ma'aikaci yakan ji nauyin kuɗin a bakinsa, musamman idan ya fi albashinsa na watanni, sai ya fara ba da haƙuri a madadin farashin, ya rage murya, ya ƙara da "amma fa". Mai saye kuwa ba tausayi yake ji ba, raini yake ji.

Akwai kuma tambayar "kina son ki gani?" Ga wanda ya riga ya nuna sha'awa, tambayar shinge ce. An sa shi ya sake roƙo, bayan an gama gaya masa abin ya yi tsada. Idan ya ce e, ya zama mai naci. Idan ya yi shiru, sai a ce ai shi ne bai nema ba. Mutane da yawa a nan suke juyawa.

Batun harshe da mai kantin ta kawo ba ƙarya ba ne, amma ba ya wanke kantin. Tsakanin "ta fi tsada" da "ta yi miki tsada" tazarar kaɗan ce, a Turanci ma kalma ɗaya ce ke raba su, kuma wanda harshen ba nasa ba ne yana iya zamewa daga wannan zuwa waccan bai sani ba. Kantin da ke tsakiyar birnin da baƙi ke zuwa daga ko'ina ya san da haka tun kafin ya ɗauki ma'aikaci. Maganinsa jimloli ƙalilan ne da ake haddacewa a kowane harshen da ake ciniki da shi: yadda ake tarba, yadda ake faɗin farashi, yadda ake neman a ɗan jira. Inda harshe ya yi ƙaranci, hannu ne ke magana. Wanda ya sauko da jaka ya ajiye a gaban mutum ba ya buƙatar tafinta.

Ga yadda 'yan mintunan nan ya kamata su kasance. Baƙuwa ta dubi sama. Ma'aikaciya ta ce, "Ranki ya daɗe, bari in sauko miki da ita." Ta ajiye wadda ke hannunta a mazauninta, don ba a barin kaya biyu masu daraja a waje lokaci guda. Ta sa safar hannu ta auduga, saboda fatar kada tana ɗaukar tabon mai da na ruwa. Idan sai an hau tsani ko an ɗauko makulli, ta kira abokiyar aiki ta tsaya da baƙuwar, ba don gadi ba, don kada a bar ta tsaye ita kaɗai. Ta ɗora jakar a kan faranti mai shimfiɗa, ta juyo da fuskarta wajen baƙuwar, ta faɗi abu biyu ko uku game da ita: irin fatar, ɗinkin, yadda ake kula da ita. Ta nuna madubi. Aka tambayi kuɗi, ta ce faran 35,000, ta tsuke bakinta. In baƙuwar ta ce ya yi yawa, ga irin ƙirar nan a wata fatar. In ta yi godiya ta tafi, an yi asarar minti biyar da sawu biyu a kan tsani. A kwatanta da abin da aka yi asara a zahiri.

Me ke sa ma'aikaci auna mutum da ido

Masu tsaron kanti sukan ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Sun yarda da wannan har zuci, kuma ba wai don mugunta ba. A sakan kaɗan na farko suna duban takalmi, agogo, jakar hannu, launin fata, shekaru, ƙiba ko rama, da irin lafazin mutum, su raba masu shigowa gida biyu: mai saye da ɗan kallo. Matsalar wannan awon ita ce ba ya taɓa nuna wa mai yinsa kuskurensa. Wanda aka ɗauka ɗan kallo ne ba a kula shi, sai ya fita bai sayi komai ba, sai ma'aikaci ya ce ai na faɗa. Wanda aka ɗauka mai kuɗi ne aka kewaye shi, aka kawo masa kujera, ya saya, nan ma ya ce na faɗa. Shekara goma yana haka, yana ƙara tabbata cewa idonsa ba ya kuskure, alhali shi ne yake ƙera sakamakon da hannunsa.

Tsarin biyan kuɗi yana hura wutar. Inda kamasho ya fi albashi tsoka, kowane minti da aka ba wanda ba zai saya ba kuɗi ne ya fita daga aljihun ma'aikaci. Kantuna da yawa suna bin layi: wanda ke kan gaba shi ke tarbar mai shigowa, in ya gama ya koma baya. Idan layin bai yi tanadin wanda ya shigo ya fita nan take ba, ma'aikaci zai yi duk dabarar da zai yi kada damarsa ta ƙone a kan wanda ya raina. Daga nan ake samun sunkuyar da kai a kan waya, gyaran kayan da ba su hargitse ba, da amsa daga nesa ba tare da an taso ba. Gyaran ba shi da wuya: wanda baƙonsa ya fita cikin minti biyu ko uku ya riƙe matsayinsa a layi, kuma wani kaso na kamasho ya zama na rukuni, a raba wa duk masu aikin ranar.

Tsoron asara ma yana ciki. Kantin da ke cire kuɗin kayan da ya lalace ko ya ɓata daga albashi ya koya wa ma'aikatansa su riƙa ƙyashin sauko da kaya. Abin da aka gano a New York ya nuna yadda wannan ke tafiya. A watan Agustan 2014 kantin Barneys ya amince ya biya dala 525,000 bayan binciken ofishin babban lauyan jihar kan zargin sa wa baƙaƙen fata da sauran tsiraru ido fiye da kowa, kuma a wannan watan kantin Macy's ya amince da dala 650,000 kan irin wannan zargin. Cikin ƙorafin da binciken Barneys ya tattara har da cewa wasu masu sayarwa suna kauce wa yi wa tsiraru hidima don kada jami'an hana sata su zo suna yi musu tambayoyi a kan cinikin. Wato ɗaure fuskar da mai saye ya gani a gaban kanta, daga ofishin baya aka ƙulla ta.

Akwai masu cewa shan ƙamshi dabara ce, yana ƙara wa kaya kwarjini. Suna da ɗan abin kamawa. A 2014 Morgan Ward da Darren Dahl sun wallafa bincike a mujallar Journal of Consumer Research, inda suka ga cewa wanda ma'aikacin babban kamfanin kayan ƙawa ya yi wa yanga yakan ƙara son kayan, in dai dama yana burin a gan shi cikin masu amfani da su. Amma binciken bai ga haka ba a kamfanonin kayan gama-gari, kuma bayan mako biyu sha'awar ta dusashe. Dabarar ba ta kama wanda ya riga ya isa, wanda ba ya neman kowa ya tabbatar masa da matsayinsa. Irin wannan shi ne mai iya ajiye faran 35,000 a kan jaka, kuma shi ne mai cewa na gode ya fita.

Bayan abin ya fito fili

Mai kantin ta yi daidai da ba ta jefar da ma'aikaciyarta ba don a huce. Korar mutum ɗaya ba ta gyara tsarin da ya haifi kuskuren, sai dai ta koya wa sauran ɓoye ƙorafi. Inda amsar ta yi rauni shi ne dogaro da kalmar rashin fahimta. Wanda ya ji an raina shi, in aka ce masa bai fahimta ba ne, an ƙara masa wani rainin a kan na farko. Ana iya kare ma'aikaci a kuma karɓi laifin kanti a numfashi ɗaya: baƙuwa ta nuna kaya, ba a kawo mata ba, wannan gazawarmu ce, ga abin da muka canza. Ba sai an shiga muhawarar abin da ke cikin zuciyar kowa ba, wadda ba mai iya cin ta. Oprah da kanta daga baya ta ce ba ta so abin ya yi wannan girman ba, da gangan ta ƙi faɗin sunan kantin.

Ta fuskar doka, sashe na 261bis na kundin laifuffukan Suwizalan, wanda ya fara aiki a 1995, ya haramta hana mutum hidimar da aka tanada don jama'a saboda launinsa, ƙabilarsa ko addininsa, hukuncin kuma yana iya kaiwa ɗaurin shekara uku ko tara. Sai dai doka tana kama ƙin sayarwa ne a fili. Kallon sama da ƙasa, tsaki, da amsa a daƙile ba sa barin shaida, kyamarar kanti kuma galibi hoto take ɗauka ba murya. Wannan ɓangaren aikin manaja ne.

Manajan da ke son sanin gaskiyar kantinsa ba zai same ta a akwatin ƙorafi ba. Hanyar da ke aiki ita ce turo masu saye na ɓoye bibbiyu: mutum biyu, tambaya iri ɗaya, kaya iri ɗaya, rana ɗaya ta mako da sa'a ɗaya, bambancinsu shiga ko shekaru ko launi kawai. Kowanne ya rubuta sakan nawa aka yi kafin a gaishe shi, ko an taso ko daga zaune aka amsa, ko an ba shi kayan a hannu, wa ya fara ambatar kuɗi, ko an kawo mai rahusa bai nema ba, ko an bi shi a baya. Ziyara ɗaya ba ta isa a yanke hukunci, domin kowa yana da ranar da ya tashi da ciwon kai. Idan aka maimaita sau biyar ko shida bambancin yana fitowa ta gefe ɗaya, to ɗabi'ar kantin ce. Na'urar ƙidayar masu shigowa da ke bakin ƙofa ma tana taimakawa: a raba yawan rasit da yawan waɗanda suka shigo, a duba sa'a-sa'a, a ga lokacin wane rukuni ne mutane ke shiga suna fita hannu rabbana.

Dokokin tsaro kuma su rataya a kan kaya, kada su rataya a kan mutum. In an ce duk abin da ya haura wani adadi sai da safar hannu, ɗaya bayan ɗaya, da ma'aikaci biyu a wurin, to haka za a yi wa kowa, har wanda ya shekara ashirin yana saye a nan. In ana duba katin shaida kafin karɓar katin banki a babban ciniki, a rubuta a liƙa inda kowa zai gani. Ma'aikacin da ke da rubutacciyar ƙa'ida ba ya buƙatar ya karanci fuskar kowa, kuma yana da amsar da zai bayar in an tambaye shi dalili. Horon rabin yini bayan abin kunya ya faru, irin wanda kamfanin sayar da kofi na Starbucks ya rufe shagunansa sama da 8,000 a Amurka don yi ranar 29 ga Mayun 2018, yana nuna wa duniya an damu. Amma hali a gaban kanta yana canzawa ne da gwaji na minti goma kafin a buɗe ƙofa, inda ɗaya zai zama mai saye, ɗaya ya faɗi farashi mafi girma a kantin da ƙarfi har bakinsa ya saba.

Shi kuma mai sayen da ya tsinci kansa a irin wannan hali, abin da ya fi yi masa amfani shi ne ya maimaita buƙatarsa sau ɗaya, a sarari: wancan nake son gani. Kada ya shiga bayanin aikinsa ko abin da ke asusunsa, ba a binsa wannan bashin. In ba a kawo ba, ya nemi wani ma'aikacin ko manaja. In ya zaɓi tafiya, ya riƙe rana, sa'a, sashen kantin, da kalmomin da aka faɗa masa daidai yadda aka faɗe su, ya aika wa hedikwatar kamfanin a rubuce cikin kwana ɗaya ko biyu. Na'urorin kyamara da yawa suna goge tsohon hoto su ɗora sabo bayan 'yan kwanaki ko makonni, don haka takardar ta nemi a adana hoton wannan sa'ar tun bai goge ba.